Sunaye Ashirin da Bakwai a Allon Sanarwa

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma har gobe ban manta da Litinin ɗin da na liƙa sunayen ɗalibai ashirin da bakwai a allon sanarwa ba. Mako na uku ne na watan Oktoba, saura kwana goma sha huɗu a fara jarrabawar ƙarshen zango. A lokacin ni ne jami'in jarrabawa na kwalejinmu, ƙarƙashin ofishin magatakarda, kuma shekarata ta shida ke nan a kan kujerar. Ku da kuka shigo aiki bayanmu kun sha tambayata yadda aka yi hutunmu ya bambanta da na sauran makarantu. To, ga yadda abin ya faru.

Ga wanda bai san kwalejin ba, ba gwamnati ce ta gina ta ba. Mutanen Karaye da Rogo ne suka haɗa kai suka kafa ta, saboda makarantun firamaren ƙauyukansu suna fama da rashin ƙwararrun malamai. Wanda aka turo daga birni ba ya daɗewa yake neman canjin wuri. Sai dattawa suka ce gara su horar da 'ya'yansu da kansu. Wani ya ba da fili, wani ya ba da bulo, makiyaya suka ba da shanu aka yi rufi. Majalisar al'umma ce ke riƙe da kwalejin, a cikinta akwai wakilan manoma da na makiyaya da na mata da limamai. Ita ke naɗa shugaba, ita kuma ke da ikon sauke shi.

Sai dai takardar shaidar malanta da muke bayarwa ba ta da daraja sai da hatimin wata jami'a da ke kula da mu, kuma jami'ar tana da sharuɗɗanta. Ɗaya daga ciki shi ne duk ɗalibin da bai halarci kashi uku cikin huɗu na darussa ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Kowane malami yana kiran suna a aji, ya sa hannu, ranar Juma'a rajistar ta dawo ofishina. Nawa shi ne in tattara, in fitar da waɗanda suka gaza, in liƙa. Ina alfahari da wannan aiki, don ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Shugabar kwalejin a lokacin ita ce Dakta Maryam Bello, wata tara ke nan da zuwanta. A wata ruga kusa da Jajaye aka haife ta, ta yi tallar nono tana yarinya, ta yi karatu har ta zama malama a jami'a a birni. Majalisa ce ta aika mata da wakilai har sau biyu kafin ta yarda ta baro can ta dawo gida. Mace ce marar yawan magana, ba ta ɗaga murya, amma idan ta yi maka tambaya ɗaya sai ka wuni kana neman amsa.

Ban gama danna fil na ƙarshe a allon ba ɗalibai suka cika wurin. Na koma ofis na turo ƙofa. Jim kaɗan aka yi sallama, wata mata ta shigo. Malama Rabi ce, 'yar shekarar ƙarshe, ta kai shekara arba'in, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta daɗe tana koyarwa a makarantar firamaren ƙauyensu ba tare da takardar shaida ba, kuma an riga an sanar da irinsu cewa wanda bai kawo takarda ba za a ba wani gurbinsa. Bayan mun gaisa ta ce:

"Malam, na ga sunana a allo."

Na ce, "Ƙwarai, ni na rubuta."

"Gyaɗa ce ta riƙe ni, Malam. Ruwa ya ɗauke da wuri, in na bari ƙasa ta ƙame, a ciki za ta tsinke. Ba ni da mai cire mini. Amma wallahi ban bar karatu ba, duk abin da aka yi a aji ina karɓa wurin 'yan'uwa."

Na ce mata ba ni na yi dokar ba, kuma rajista ba ta san gyaɗa ba. Wannan kalma tawa har yanzu tana ba ni kunya. Ta dube ni, ta gyara mayafinta ta yi mini sai anjima.

Bayan azahar Dakta ta aiko a kira ni. Na tarar da kwafin sunayen a gabanta, ta yi wa wasu alama da jan biro.

Ta ce, "Malam Sani, zauna. Lissafin nan daidai yake?"

"Sau biyu na bi shi, ranki ya daɗe."

"Ban yi shakka ba. Daga ina mutanen nan suke?"

Lambobinsu na sani, garuruwansu kuwa ban taɓa dubawa ba. Ta juyo mini da takardar. Kusan rabinsu daga Jajaye da kewayenta ne, wasu daga Rogo Ruma, sauran daga rugage. Babu ko mutum ɗaya daga cikin garin Karaye. Kuma dukansu a lokaci ɗaya suka yi fashi, daga farkon Satumba zuwa yanzu.

Ta ce, "Kada ka cire takardar daga allo. Amma gobe da safe ka zo da takalmin da ba ka tausayinsa, za mu fita."

Ranar Talata muka kama hanya a tsohuwar motarta, ita ke tuƙi. Ni ɗan Unguwar Hajji ne, mahaifina manomi ne, amma tun da na fara aikin ofis rabona da shiga gona da kaka. Ko'ina muka duba mutane ne a sunkuye. A bayan Jajaye muka bar motar muka taka. Mun tarar da Malama Rabi ita da babbar 'yarta suna tuge gyaɗa, suna kaɗe ƙasa suna jerawa a rana. Da ta gan mu ta rasa inda za ta sa kanta, hannayenta duk sun farfashe. A gindin wata ɗorawa akwai tulun ruwa da wata leda da aka danne da dutse. Dakta ta buɗe ledar, sai ga littafin rubutu cike da darussan da aka yi a makonnin da Rabi ba ta nan, ta kwafe su da hannunta har zuwa na Alhamis ɗin da ta wuce. Dakta ta zauna a kan saiwar itacen ta yi mata tambayoyi uku a kan dabarun koyar da karatu ga yaran aji ɗaya. Rabi ta amsa biyu tiryan-tiryan, ta ukun ta ce ba ta gane wurin ba, don wadda ta ara mata littafin ma ba ta gane ba.

Dakta ta dube ni ta ce, "Ka ji? Wannan na ukun shi ya sa ake son su zauna a aji. Dokar ba ta banza ba ce. Amma ka ga kuma inda take."

Daga nan muka wuce rugar Arɗo Jibo, wakilin makiyaya a majalisa, tsoho ne da ya san Dakta tun tana goye. Suka daɗe suna gaisawa da Fillanci, sannan suka juya Hausa saboda ni. Ya ce wannan lokaci shi ne mafi haɗari a wurinsu. Amfanin gona yana tsaye, shanu kuma suna jin ƙanshinsa. In saniya ɗaya ta kuɓuce ta faɗa gonar wani, rigimar da za ta tashi sai ta shekara ba ta mutu ba. Don haka duk wani mai ƙarfi a ruga, ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba, yana bayan garke har sai an kwashe amfani.

Ya ce, "Maryamu, mun ba da shanu an yi rufin makarantar nan. Amma wanda ya tsara lokacin karatunta bai taɓa kiwo ba, bai kuma taɓa noma ba."

Ta ce, "Gaskiya ne, Baffa. Aro muka yi daga birni, ba mu auna shi a jikinmu ba."

Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa gari. Ta tambaye ni ko na taɓa karanta yarjejeniyar da ke tsakaninmu da jami'a daga farko har ƙarshe. Na ce sashen jarrabawa kawai na sani. Ta ce in karanta duka kafin Alhamis, don ta kira zaman majalisa na gaggawa.

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Garba ya shigo ofishina. Shi ne shugaban majalisa, shi ya ba da filin da kwalejin take kai, kuma aminin mahaifina ne, a gidansa na yi wasa ina yaro. Ya rufe ƙofa da kansa ya zauna.

Ya ce, "Sani, mutane sun cika mini zaure tun jiya. Makarantar nan tamu ce ko ta jami'a?"

Na ce, "Tamu ce, Baba."

"To, rajistar nan a hannunka take. Ɗan tsinin biro ne. Inda babu alama ka sa alama, magana ta ƙare, ba wanda aka cuta. Wa zai taso daga birni ya zo ya ƙirga?"

Gaskiyar magana, ban iya ce masa a'a ba. Fuskar Rabi tana raina, nauyinsa kuma yana kaina. Na sunkuyar da kai na ce zan duba. Ya tashi yana sa mini albarka.

Da ya fita na ɗauko yarjejeniyar don in raba hankalina da abin da na faɗa. A nan na ci karo da abu biyu da shekara shida ban sani ba. Na farko, jami'a ta ce kowane zango ya zama mako goma sha biyar, amma ba ta ambaci wata ba, ba ta ce a fara a kaza a gama a kaza ba. Mu ne muka kwaikwayi lokacinsu don mun ɗauka dole ne. Na biyu, akwai wani ɗan sashe can ƙarshe da ya ce idan ɗalibai sun rasa darussa saboda dalili mai ƙarfi da ya shafi jama'a, kwaleji tana iya neman izinin shirya darussan cike gurbi da jarrabawa ta daban. Na ja layi a ƙarƙashinsu na kai wa Dakta. Maganar Alhaji kuwa na ɓoye mata.

Ranar Alhamis majalisa ta zauna a babban ɗakin taro. A ƙa'ida ma'aikaci irina ba ya magana a zaman sai an tambaye shi, kujerata tana bayan ta magatakarda. Iyaye da mazajen ɗalibai sun cika baranda suna leƙe ta taga. Bayan addu'a, Alhaji Garba ya ce shi bai ga abin da zai sa a ja zance ba. A cire takarda daga allo, a gyara rajista, yara su zauna jarrabawa.

Ya ƙara da cewa, "Na yi magana da Sani, ya ce abu ne mai yiwuwa."

Ji na yi kamar a tsaga ƙasa in shige. Baranda ta ɗauki kabbara. Dakta ba ta ko juyo ta dube ni ba. Ta nemi izinin magana, ta miƙe.

Ta ce, "Baba Alhaji, iyayena, ku kuka kira ni na dawo gida, kuma yau in kun ce in tafi zan tafi ba tare da na riƙe kowa a zuciya ba. Amma muddin ina kan kujerar nan ba za a sa wa wanda bai zo aji ba alamar ya zo. Waɗannan da muke horarwa 'ya'yanmu za su koyar. In darasin farko da makarantarsu ta ba su shi ne ana gyara takarda a ɓoye, shi za su kai ƙauyukanmu. Kuma ranar da abin ya fito, ba su ashirin da bakwai kaɗai za a ƙi takardarsu ba, har ta waɗanda suka gama tun bara sai an yi mata kallon banza."

Wani daga baranda ya ɗaga murya ya ce ashe boko ya raba ta da mutanenta. Alhaji ya tsawatar masa, amma shi ma fuskarsa a murtuke take.

Ya ce, "To, 'yata, sai mu zuba ido su faɗi? Laifinsu shi ne sun ciyar da gidajensu?"

Ta ce, "A'a, Baba. Ba su da laifi. Mu ke da laifi, mu da muka sa karatu a lokacin da kowa ya san ba a zama. Malam Sani, karanta musu abin da ka gano."

Na miƙe. Kafin in karanta na ce ina neman afuwar Alhaji da ta majalisa, jiya kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya, rajista ba za ta gyaru a hannuna ba. Sannan na karanta sassan biyu, na fassara su da Hausa dalla-dalla.

Dakta ta kawo shawararta. Sunayen su zauna a allo, waɗannan ɗalibai ba za su shiga jarrabawar da ke tafe ba. Amma a nemi izinin jami'a a yi musu darussa na mako huɗu bayan an kwashe amfani, sannan a yi musu tasu jarrabawar. Daga baɗi kuma a juya kalandar karatu, dogon hutu ya faɗo a kan kaka. Wakilin malamai ya ce wannan na nufin hutunsu na ƙarshen shekara ya tafi. Ta ce ta sani, ba za ta tilasta wa kowa ba, ita dai za ta ɗauki darussa biyu da kanta. Sai ya ce zai tuntuɓi 'yan'uwansa.

Alhaji ya ce, "In jami'ar ta ƙi fa?"

Ta ce, "Tana iya ƙi. Tana ma iya cewa tunda ɗalibai da yawa haka suna fashi, sai ta sake duba ko mun cancanci zama ƙarƙashinta. Ban ɓoye muku ba. Shi ya sa ba ni kaɗai zan je ba. Masu makaranta su ne za su je su yi magana da bakinsu."

An kai la'asar ana muhawara. Da aka ɗaga hannu, shawararta ta wuce da ƙyar. Alhaji bai ɗaga nasa ba, amma da aka tashi ya ce tunda majalisa ta yanke, shi zai ja tawagar. Ni kuwa ya wuce ni a ƙofa ko kallona bai yi ba.

Litinin da ta biyo baya muka tafi mu huɗu: Dakta, Alhaji Garba, Arɗo Jibo da ni, ina rungume da rajista goma sha ɗaya. Wanda ya karɓe mu wani farfesa ne da ke kula da kwalejojin da ke ƙarƙashin jami'ar, dattijo mai fara'a amma mai tsauri. Da ya ji buƙatarmu ya ce shi abin da yake tsoro, in aka buɗe wannan ƙofa kowace kwaleji za ta zo da nata uzurin. Na zaci Dakta za ta shiga yi masa dogon Turanci, tunda sun san juna a wurin aiki. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyarsu ce. Ga masu abin nan."

Alhaji ya yi bayanin gyaɗa da gero da yadda mako ɗaya na jinkiri yake cinye wahalar shekara. Arɗo kuwa gajeriyar magana ya yi. Ya ce a rugarsu yara sun fi sittin, ba su taɓa samun malamin da ke jin harshensu ba. Yanzu ga nasu uku sun kusa gamawa, kuma dukansu ukun sunayensu suna allo, saboda sun tsaya tsare shanu kada a yi faɗa da maƙwabta.

Farfesan ya karɓi rajistar ya yi ta buɗawa shafi bayan shafi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya tambaya wa ke riƙe da ita. Na ce ni ne.

Ya ce, "Ba kankara ko ɗaya. Na sha ganin rajistar da kowa ya zo aji kullum, har wanda ke kwance a asibiti. Wannan ita ce ta farko da aka kawo mini da ramukanta a buɗe."

Alhaji ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya kawar da kai. Amma a hanyar dawowa, da muka tsaya salla, shi ya miƙo mini butarsa.

Amsa ta zo a rubuce ranar Alhamis. An yarda da darussan cike gurbi, da sharaɗin jami'a ce za ta tsara tambayoyin jarrabawar ta kuma aiko da mai sa ido. An yarda a gwada sabuwar kalanda na shekara biyu. Sai sharaɗi na uku: wanda bai halarci ko rabin darussa ba, wannan dama ba ta shafe shi ba, sai ya maimaita zangon.

Na koma kan rajista. Mutum ashirin da biyu sun tsallake, har da 'yan rugar Arɗo su uku. Biyar ba su kai rabi ba. Malama Rabi tana cikinsu, kuma darasi biyu kacal ya rage mata ta kai.

Na bi lissafin sau huɗu ko zan ga na yi kuskure. Ban yi ba. A karon farko a rayuwar aikina na yi fatan in kama kaina da kuskure. Na ɗauki rajistar na shiga wurin Dakta na ajiye a gabanta, na ɗora yatsa a kan ramukan biyu. Nan take ta gane abin da nake nufi.

Ta ce, "Ni ma tun da takardar ta zo su nake tunani." Ta cire tabarau ta murza idanunta. "Mun je mun ce musu rajistarmu gaskiya ce, a kan haka suka yarda da mu. Ba zan iya ba, Malam Sani. Kai ma ba za ka iya ba, da za ka iya da ba ka kawo mini ba."

Ta ce za ta je Jajaye ta faɗa mata da kanta. Na roƙe ta ta bar mini, don akwai maganar da nake son in janye.

Ranar Asabar na hau babur na tafi. Na sami Rabi a tsakar gida tana tsinkar gyaɗa, harawa ta taru a gefe. Ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa. Na faɗa mata komai, har da yawan darussan da suka rage mata, don ban so ta ji daga bakin wani. Na kuma ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa mata a ofis.

Ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo, ta share da gefen mayafi.

Ta ce, "Biyu kawai?"

"Biyu."

"Na tuna su. Ranar Laraba ce da Alhamis, na shirya zan taho sai hadari ya haɗu, na ji tsoron ruwa ya daki gyaɗar da na baza." Ta yi ajiyar zuciya. "To, Malam, baɗi da kaka akwai karatu?"

Na ce babu, hutu ne, in Allah ya yarda.

Ta ce, "Ashe zan dawo. Ka gaya wa Dakta kada ta sa abin a ranta."

Malamai tara ne cikin goma sha huɗu suka ba da hutunsu. An yi darussan, an yi jarrabawar a gaban baƙon da jami'a ta aiko, goma sha tara suka ci, uku suka sake zama a wasu darussa. Dakta ta sa majalisa ta rubuta wa masu kula da makarantar su Rabi takarda, Alhaji Garba ya kai da hannunsa, aka ɗaga mata ƙafa na shekara ɗaya. Rabi ta maimaita zangon ta fita da sakamako mai kyau. Cikin biyar ɗin nan biyu ba su dawo ba. Ɗaya ya tafi ci-rani kudu, ɗayar mijinta ya ce ya isa haka. Dakta ta je gidajensu har sau biyu, ba ta yi nasara ba. Shekaru bayan haka, duk lokacin da aka yabe ta a kan sabuwar kalanda, sai ta ambaci sunayen mutum biyun nan, ta ce da an farga da wuri da yanzu suna aji suna koyarwa.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, kuma nake son ku riƙe, shi ne aiki a makarantar al'umma ya fi aiki a ta gwamnati wuya. Wanda zai nemi ka karkace ba baƙo ba ne, wanda ya goya ka ne, kuma sau da yawa tausayi ne ya kawo shi, ba mugunta ba. In ka ce masa a'a ka tsaya nan, ka tsare takarda ka zubar da mutane. In ka ce masa to, ka faranta masa yau ka rusa abin da ya gina. A wurin Dakta Maryam na koyi cewa akwai hanya ta uku, kuma ita ce mafi gajiyarwa. Kowace doka mutum ne ya rubuta ta, mutumin nan kuma yana da ofis, ofishin yana da ƙofa. In dokar ta matse jama'arka, kada ka lallaɓa ka kankare ta a ɓoye. Ka ɗauki jama'ar da takardunka yadda suke, ku je ku yi masa sallama da rana tsaka.